Wankakken Iri

Ƙunshin irin gero biyu, ɗaya ɗaure da jan zare, ɗaya da baƙi. Turmin atamfa. Kwalin sukari. Man shafawa na ƙuna. Gorar ruwa da ta riga ta yi zafi. Iyakar abin da Muzzammil ya ɗauko daga Kalgo ke nan, kuma tun da motar ta bar Birnin Kebbi ta kama hanyar Gwandu jakar tana kan cinyarsa.

"Malam, kawo a sa ta baya mana," in ji direba. "Ko zinari na ciki?"

"Gero ne."

"Gero za ka kai Gwandu?" Direban ya dubi fasinja ta madubi. "To madalla. Gobe sai ka kai ma mutanen Argungu kihi."

Aka yi dariya. Muzzammil ya gyara jakar a kan cinyarsa. Ya dubi gonaki ta taga. An gama sharar gona ko'ina, an ƙone tarin ƙaya, ƙasa ta yi fari tana jiran ruwan shuka.

Geron na mahaifiyarsa ne, Inno. Da shi ta zo Masama daga gidan iyayenta lokacin da aka kawo ta aure. Gajeren zangarniya gare shi, yana nuna da wuri, kuma idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina yakan tsaya a tsaye sa'ad da na maƙwabta ya kwanta. Kowace kaka ita take shiga gona ta zaɓi zangarniyar da za a ajiye ta iri. Da mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma suka fara ba ta wahala, ta ɗauki damin irin ta ɗora a hannun Anas, ƙanen Muzzammil, a gaban dangi. Muzzammil yana Indiya a lokacin, yana karatun digirinsa na uku. A waya ya ji labari.

Shi ne ɗan fari. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Da aka yaye shi Bappa Sule ya tafi da shi Zariya, can ya girma. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ya san haka. Ya sha yi wa abokan karatunsa bayanin al'adar da Turanci, har yana ba su dariya. Sanin bai taɓa rage masa komai ba.

Aikinsa a jami'ar da ke Kalgo a kan abin da ido ba ya gani ne. A cikin kowace ƙwayar gero akwai wasu ƙananan halittu masu rai. Ba cuta ba ne. Daga jikin uwar tsiro suke shiga cikin ƙwayar, su kwanta. Idan aka shuka ta, sai su farka tare da tsiron, su bi saiwarsa, su sa ta fitar da gashi mai yawa na shan ruwa, su kare ta daga ruɓa. Muzzammil yana zargin su ne asirin geron Inno. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a raba iri biyu, a jiƙa rabi a cikin maganin da zai kashe halittun, a shanya, a shuka duka biyun a gani. Wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba, babu idon da zai rarrabe su. Shi ya sa ya ɗaure su da zare daban-daban. Mai jan zare yana nan yadda yake. Mai baƙin zare an kashe abin da ke cikinsa.

Anas ne ya ɗibar masa irin a kakar bara, ya cika masa fiye da yadda ya roƙa. Sai a makon jiya gobara ta tashi daga madafar maƙwabta, iska ta kai ta rumbun Anas. Hatsi ya tafi, damin iri ya tafi. Geron Inno bai rage a ko'ina ba sai a cikin jakar nan.

"Yaya, kawo muna abin da ka samu," Anas ya ce a waya. "Ruwa na bisa hanya."

Muzzammil ya ɗauko duka biyun. Ya gaya wa kansa cewa a hanya zai yanke shawara.

A Gwandu ya hau kabu-kabu zuwa Masama. Tun daga bakin gari ya hango rumbun, baƙi ƙirin, ba jinka. Anas yana ƙofar gida da hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"Likitan gero!" Anas ya rungume shi da hannu ɗaya. "Dubi yadda ka rame. Kai dai ka tahi Indiya ka dawo, ko rawa ba ka koyo muna ba, sai kallon hatsi cikin gilashi."

"Yaya hannun?"

"Ya gasu, saura yaji. Shigo."

Inno tana ƙarƙashin rumfa tana dama fura. Muzzammil ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inno, ina wuni."

"Lahiya lau." Idonta yana kan ƙwarya. "An zo lahiya?"

"Lafiya lau. Ya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri. Delu, kawo ma baƙo ruwa."

Delu, matar Anas, ta kawo ruwa da tabarma. Ya miƙa atamfar da sukarin. Inno ta ce an gode, Allah shi yi albarka, ta tura wa Delu ba ta buɗe ba. Da ya fito da man ƙuna kuwa, kafin Anas ya karɓa Inno ta riga ta miƙa hannu.

"Zo nan, kai."

Anas, mai 'ya'ya uku, ya zauna a gabanta kamar yaro. Ta warware tsumman a hankali. Fatar ta saɓule daga wuyan hannu zuwa yatsu. Ta lakato man da ɗan yatsa tana shafawa, tana hura wa wurin iska da bakinta.

"Wawan banza. Wa ya ce ka shiga wuta don hatsi?"

"Irinki nika son hiddawa, Inno."

"Iri! In ka ƙone, wa ka ba ni wani Anas?"

"Ai ga Yaya nan."

Ta ƙara lakato man. Ta ci gaba da shafawa. Da ta gama ta ɗebi fura a ludayi ta kai bakinsa, ta ce hannun hagu ba na ci ba ne. Anas ya sha yana dariya, furar tana zuba a gemunsa, ta share masa da gefen mayafinta. Ta Muzzammil kuwa Delu ce ta zuba a kwanon baƙi mai murfi, ta ajiye a gabansa ta koma.

Shi ya sayi man. Ya shiga kantin magani uku a Birnin Kebbi kafin ya samu mai kyau.

"To, Yaya," in ji Anas, "ina amanarmu?"

Muzzammil ya sa hannu a jaka. Yatsunsa suka taɓa ƙunshin biyu. Idan ya ba da mai jan zare, gwajinsa na bana ya rushe. Wannan gaskiya ne. Amma yana iya kwance shi ya raba biyu, kowa ya samu. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya san ta. Ya ɗaga kai. Inno tana naɗe hannun Anas da sabon ƙyalle, bakinta yana motsi da addu'a.

Ya fito da mai baƙin zare.

Anas ya kwance da haƙori, ya shinshina. "Warin asibiti shika yi."

"Wanke shi na yi."

"Da mi?"

"Da magani."

"Inno, kin jiya? Geronki ya shiga boko. Bana da Turanci za shi hito."

Inno ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannunta, ta kai kusa da ido, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta tauna.

"Shi ne," ta ce. Ta juye sauran a hannun Anas na hagu, ta rufe masa yatsu da nata. "Hannunka na da albarka. Allah shi maido muna da shi."

Muzzammil bai kwana a Masama ba. Ya ce yana da aji da safe. Mai jan zare ya koma Kalgo a kan cinyarsa.

Filin gwajinsa yana bayan ginin sashensu, inda katafila ta kankare ƙasa lokacin da ake gini. Ba a taɓa shuka gero a wurin ba. Ya raba irin da ya rage uku. Kashi ɗaya ya wanke, kashi ɗaya ya bari, ya shuka su layi da layi bayan ruwan farko. Kashi na uku ya zuba a kwalba ya sa a firji, can ƙasa, bayan kayan aiki.

Bai yaudari kansa a kan kwalbar ba. Ya san ranar da ya ajiye ta dominta. Gonar Anas za ta lalace. Za a yi jugum a gidan. Daga nan wani zai tuna da shi, kuma ba zai yarda saƙon ya zo ta bakin Anas ba. Zai ce a ba Inno wayar. Sa'an nan zai ɗauki kwalbar ya kai, ya sa a hannunta.

Tsiro ya fito. A layukan da ba a wanke ba ganye ya yi kore, ya tsaya. A layukan da aka wanke ya fito siriri, da ɗan rawaya a baki. Ya tuge guda ya duba. Saiwar kamar zare, tsirara, babu gashi. Abin da ya yi zato ke nan. Ya ɗauki hoto, ya auna, ya koma ofis.

Anas ya kira.

"Yaya, tsiron ya hito, amma ban gane mai ba. Awa yaron da ba a ba nono."

"Ka sa taki?"

"Shanun dangin Inno sun kwana gonar rani duka, kamar kullum. Taki ba shi ne matsala ba."

"Me Inno ta ce?"

"Ta ce in bar sa ma raina damuwa, ba laihina ba ne. Jiya har gona ta biyo ni da hura, da gwiwoyin nan nata. Na ce ta koma, ta ƙiya. Nan ta zauna gindin gawo har na tashi."

Muzzammil ya dubi bangon ofishinsa. Ko lalacewar ma riba ce ga Anas.

"A jira a gani," ya ce.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fes, rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. A masallatai aka fara roƙon ruwa. A filin Kalgo layukan da aka wanke suka naɗe ganye, suka sunkuya, suka bushe ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ana iya ganin tsarin gwajin daga tagar bene: layi kore, layi ƙasa, layi kore, layi ƙasa. Abokan aikinsa suna tsayawa su taya shi murna. Yana amsawa, hannunsa yana cikin aljihu a kan waya.

Yakan duba ta a tsakiyar aji. Yakan buɗe firji ba dalili, ya dubi kwalbar, ya rufe. Lokacin sake shuka yana wucewa, kuma ya san haka. Idan suka ƙara jinkiri, ko ya kai irin ba zai nuna ba kafin ruwa ya janye. Sau biyu ya nemo lambar Anas ya fasa. Su ya kamata su kira.

Ba su kira ba. Ruwa ya dawo, aka yi kwana da kwanaki ana yi. Da ya kasa jurewa, ran wata Asabar ya hau mota.

Bai shiga gida ba, ya wuce gona. Ya bi ta gefen gonakin maƙwabta, inda gero ya yi gibi-gibi, wasu sun sake shuka wake a ramukan da suka mutu. Ya zagaya gawon da ke kan iyaka, ya tsaya.

Geron ya kai masa ƙirji. Kore ne mai duhu, karan ya yi kauri, ganyen yana ƙara idan iska ta bi ta ciki. Babu gibi.

"A'a! Wa nika gani?" Anas ya fito daga cikin geron da hauya a kafaɗa. Hannun ya warke, ya bar tabo fari. "Ka zo duba ɗalibanka?"

"Ka sake shuka ne?"

"Da wane iri? Shi ne dai naka. Bayan da munka yi magana ya yi ta ƙyuya, har na hidda rai. Ina gama noman hiri, na farko, sai ya miƙe. Da ruwa ya ɗauke kuwa, ko a jikinshi. Na maƙwabcinmu Abdulgani duk ya ƙone, ga shi can ka gani. Kullum sai ya zo ya tsaya nan shina ƙwafa."

Muzzammil ya durƙusa ya kama gindin wani kara ya tuge.

"Kai, Yaya! Wanga na ci ne!"

Saiwar ta fito da dunƙulen ƙasa. Ya kakkaɓe. Gashi ne cunkus, fari, kamar gemun tsoho. Ya dubi ramin. A cikin ƙasar akwai ruɓaɓɓen tushen karan bara, da na bara waccan a ƙarƙashinsa, da busasshen kashin shanu da ya zama gari. Tun kafin a haife shi geron nan yake mutuwa a cikin ƙasar nan.

Ya yanki saiwa ya sa a leda, ya ɗebi ƙasa a wata.

"Har ƙasar za ka kai boko?" Anas ya zauna a kan kunya yana share zufa. "Kai dai ka ji daɗinka. Ɗaki mai sanyi, kujera mai juyawa. Ni ko Kano ban taɓa zuwa ba, ka sani? In na ce zan tahi Jega cin kasuwa, sai Inno ta ce gwiwa ta tashi."

"Sai ka ƙi tafiya."

"To ya zan yi? In na daɗe ba ta cin abinci."

Ya faɗa ne kamar mai kuka da kaya. Muzzammil ya ɗaure bakin ledar, ya ƙulla, ya sake ƙullawa.

A ɗakin gwaji ya wanke bayan saiwar sarai don kada abin da ke waje ya ruɗe shi. Ya niƙa cikinta, ya shafa a faranti na gilashi, ya rufe. Da ya buɗe bayan kwana biyu, ɗigo-ɗigo masu launin madara sun cika farantin. Halittun ne, ya san su kamar yadda ya san tafin hannunsa, shekarunsa na Indiya duk a kansu suka ƙare. Ya sake gwadawa da wata saiwar. Ya gwada ƙasar. Suna nan a ciki, da yawa.

Abin da ya cire daga irin, gonar ta mayar. Tsiron ya fito ba kowa a cikinsa, ya yi ta rama, har saiwarsa ta kai ga tushen iyayensa da ke ruɓewa a ƙasa, halittun suka shiga. A Kalgo babu wanda zai mayar, shi ya sa na can suka mutu.

Ya kamata ya ji sauƙi. Ya ji, kaɗan. Ya kamata kuma ya yi murna, domin babu wanda ya taɓa nuna wannan a geron ƙasar nan, kuma takardar bincike ce da za a karanta har Indiya. Amma a cikin takardar dole a sami layin da zai faɗi yadda wankakken iri ya je gonar manomi a Masama. Ya jera farantan a firji, kusa da kwalbar da ba wanda ya nema.

Da kaka ya je, domin rashin zuwa zai zama magana. An kwantar da geron, mata suna yankan zangarniya. Inno tana tafe a tsakanin kunyoyi, hannunta ɗaya a kafaɗar Anas, ɗayan yana shafa zangarniya. Wadda ta yi mata sai ta ce, "Wagga," Anas ya yanka ya sa a kwando. Wani lokaci kafin ta yi magana ya riga ya kai wuƙa, sai ta buge masa hannu tana dariya.

Muzzammil yana tsaye a gindin gawo tare da maƙwabta. Abdulgani, wanda gonarsa ta ƙone, yana ta kallonsa.

"Dakta, an ce kai ka wanke irin ga da magani."

"Ni ne."

"To mu mi munka yi maka? Ba mu da gero ne?"

"Ba wankin ne ya yi ba."

"Ji shi!" Anas ya ɗago daga nesa. "Haka 'yan boko suke, Abdulgani. In sun yi abin kirki sai su ce ba su ba ne, don kar a roƙe su. Inno, ba ki ce komi ba. Yaya ya gyara miki gero."

Inno ta tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga wata zangarniya ta auna nauyinta a hannu.

"An kyauta," ta ce. Sa'an nan ga Anas, "Kai kuma ka sha wahala. Dubi wuyanka duk ya ƙone. Wagga."

Muzzammil ya jira ko akwai saura. Suka ci gaba da tafiya, ita da Anas, har suka kai ƙarshen kunya suka juyo ta gaba.

Bayan an gama ɗaurin dami, wata ranar Talata da hantsi, yana ɗakin gwaji ya ji ƙarar babur a bakin ginin. Ya leƙa. Anas ne, da buhu ɗaure a baya, ya yi ado da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya sha hanya tun daga Masama.

"Masu gadinku sun tsare ni," in ji Anas, yana jan buhun zuwa ƙofar ɗakin. "Na ce ni ƙanen Dakta ne. Sunka dube ni, sunka dubi buhu, sunka ce Dakta wane? Kai, sanyi! Nan kaka wuni? Dole ka rame."

"Mene ne wannan?"

"Irin bana. Duka. Delu ta sussuka ta sheƙe, ko ƙwaya ba mu rage ba."

Muzzammil ya dubi buhun. An ɗinke bakinsa da igiyar rama, ɗinki ƙanana a jere. Ba aikin Anas ba ne.

"Me zan yi da shi?"

"Ka wanke muna awa bara. Kuma ka aje shi nan wurinka har ruwa shi sauka. Rumbu ba shi da amana, mun gani. Abdulgani ma na nan tahe da nashi, na ce shi bari in fara yi mai hanya."

"Wa ya ce a kawo?"

"Inno."

"Ita ta faɗa, ko kai ka ce ta faɗa?"

"Wallahi ita. Ni da na so a raba, rabi gida rabi nan. Ta ce a'a, a kai duka, shi ne babba, wurinshi ya fi tsaro. Da hannunta ta ɗinke."

"Shi wa?"

"Kai mana."

"Me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Anas ya sosa ƙeya. "Ta ce, 'Kai ma na Kalgo.'" Ya yi dariya. "Haba, Yaya, sai ka ce ba ka san Inno ba. Ko hadari ya taso yamma sai ta ce ko an yi ruwa Kalgo. Ni ina zaune gabanta, ba ta tambaya ko na jiƙe."

"Kai ai tana ganinka."

"To shi ne mi?"

Muzzammil ya sunkuya. Ya sa hannu a kan buhun. Ƙwayoyin suka motsa a ƙarƙashin tafinsa, da ɗumin rana a jikinsu. Duk geron Inno ke nan, babu saura a ko'ina, kuma kwalaben maganin suna kan kanta a bayansa, taku kaɗan. Anas yana leƙa madubin ƙara girma da ido ɗaya, yana tambaya ko ana iya ganin aljani da shi. Anjima zai koma Masama, ta tambaye shi ko ya ci abinci a hanya, ta taɓa masa goshi. Damina mai zuwa ma haka, da wadda ke bayanta. Muzzammil ya lura cewa kishin da ya ji a ƙarƙashin rumfa ranar da ya kai iri yana nan inda yake, bai ragu ba, kuma buhun zai yi rani guda a ɗakin nan tare da shi. Bai amince da kansa ba.

Ya buɗe firji ya ɗauko kwalbar ya sa a aljihun rigar Anas.

"Wannan ragowar na bara ne. Ba a wanke shi ba. Ka haɗa."

Sa'an nan ya kama kunnen buhun ya ja shi waje, har bakin baranda.

"Yaya, lahiya?"

"Wanki ba ya ƙara masa komai. Rage masa yake yi. Kada ka bari kowa ya wanke shi, ko ni. Ka gaya wa Abdulgani ya ɗebi ƙasar gonarka ya zuba a ramin shukarsa, in ka yarda. Iri kuma ka raba shi gida uku, kada ka tara a rumbu ɗaya. Kada ka tuge tushen kara bayan girbi."

"To na ji, Malam. Amma ajiyar fa? Ga firji, ga masu gadi masu kama mutane."

"A'a."

"Don Allah dai. Hanyar ga duka na biyo da shi." Dariyar ta bar fuskar Anas. "Wani abu munka yi maka?"

"Ba ku yi komai ba."

"To mi zan ce ma Inno? Ita ta aiko ni. Ba ta taɓa aiko ni wurinka da komi ba."

Muzzammil ya koma cikin ɗakin ya riƙe ƙofar. Anas yana tsaye a rana da babbar rigarsa, buhun yana jingine da ƙafarsa.

"Ka ɗaure shi da kyau, hanyar Gwandu akwai ramuka."

"Yaya."

Ya tura ƙofar ta rufu. Ta cikin katakon ya ce, "Ka ce mata na Kalgo ya ce irin nan ba zai sake kwana a hannunsa ba."